Kurket: Wasan Kwana Biyar Da Tsohuwar Hamayyar Najeriya Da Ghana

Yawancinmu a fim ɗin Indiya muka fara ganin wasan kurket. Duk wanda ya kalli Lagaan, fim ɗin Aamir Khan na 2001, zai tuna yadda ƙauyawa suka kara da sojojin Turawan mulkin mallaka har kwana uku, bisa sharaɗin in sun ci za a yafe musu harajin shekara uku. Daga nan muka ɗauka wasa ne na Indiyawa da Turawa, mu babu ruwanmu. Alhali kuwa tun a 1904 'yan wasan Legas suka kara da na Gold Coast, wato Ghana ta yau. Shekara ɗaya ke nan bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato, kuma saura shekara goma a haɗe Kudu da Arewa.

Ni a Karu nake zaune, kuma filayen kurket na hukumar wasan ta ƙasa suna nan cikin Abuja. Amma in ka tambayi samarin majalisarmu yadda ake buga shi, da wuya ka samu mai ba ka amsa. Shi ya sa na tattaro wannan bayani: yadda wasan yake, abin da ake nufi da rangadi da jerin wasannin kwana biyar, manyan ƙasashen da ke hamayya a kansa, da kuma inda Najeriya ta tsaya.

Yadda ake buga shi

Kowane ɓangare mutum 11 ne. Fili ne babba mai siffar ƙwai, a tsakiyarsa akwai wani siririn dandali da aka daddaɓe, tsawonsa yadi 22, kimanin mita 20. A kowane ƙarshen dandalin an kafa sanduna uku, an ɗora musu 'yan ƙananan itatuwa biyu a kai.

Ɓangare ɗaya ne ke duka, ɗayan yana jifa da tsaron fili. Masu duka bibbiyu suke shiga, kowa riƙe da faffaɗar sanda ta katako. Mai jifa zai rugo da gudu ya wurgo ƙwallo ba tare da ya lanƙwasa gwiwar hannunsa ba, yawanci ta daki ƙasa sannan ta iso wurin mai duka. Ƙwallon tauri gare ta kamar dutse, an lulluɓe ta da fata, nauyinta wajen giram 160. Shi ya sa mai duka ke sa hular kwano da kariyar ƙafa da safar hannu.

In ya buga ƙwallon ta yi nisa, sai shi da abokinsa su yi musayar wuri da gudu. Kowace musaya maki ɗaya ne. In ƙwallon ta gangara har ta taɓa iyakar fili, maki 4 ne. In ta tsallake iyakar ta sama ba ta taɓa ƙasa ba, maki 6 ne.

Ana fitar da mai duka ta hanyoyi da dama, amma huɗu sun fi yawa: ƙwallon ta wuce shi ta kayar da sandunan bayansa, ko ya buga a cafe kafin ta faɗi ƙasa, ko ya tare ta da ƙafarsa alhali sandunan ta nufa, ko a jefi sandunan yana tsakiyar gudu bai kai layi ba. Wanda aka fitar ya fita ke nan, sai wani ya shigo. In an fitar da mutum goma, zagayen wannan ɓangare ya ƙare, sai a yi canji. Jifa shida shi ake kira oba ɗaya, bayan kowace oba wani ne zai karɓi ƙwallon ya yi jifa daga ɗaya ƙarshen.

Iri uku ne

Akwai gajere da ake kira T20, kowane ɓangare oba 20, a gama cikin awa uku zuwa huɗu. Akwai na yini ɗaya, oba 50 kowane ɓangare. Sai babbansu kuma mafi tsufa, wanda Turawa ke kira Test, ma'ana gwaji. Shi ne na kwana biyar.

A wasan kwana biyar kowane ɓangare sau biyu yake duka. Ana buga kimanin oba 90 a rana, an raba yinin gida uku na awa bibbiyu, da hutun cin abinci na minti 40 da na shan shayi na minti 20. Fararen kaya ake sawa, ƙwallon kuma ja ce, sai ta yi oba 80 ake da ikon sauya ta da sabuwa.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne a yi kwana biyar ana fafatawa a tashi canjaras. Dalili kuwa, yawan maki kaɗai ba ya ba ka nasara, sai wasan ya kai ƙarshensa kafin lokaci ya cika. In ka tara maki tuli amma ka kasa fitar da mutanen abokin hamayya har yammacin rana ta biyar, to ba ka ci ba. Don haka za ka ga mutum ya tsaya awa biyar ko shida yana tare ƙwallo kawai, ba ya neman maki, burinsa rana ta faɗi bai fita ba. Masu son wasan suna girmama irin wannan mutum kamar yadda suke girmama wanda ya ci maki ɗari.

Me ake nufi da rangadi?

Ba a cika buga wasan kwana biyar guda ɗaya a watse ba. Ƙasa guda ce ke tashi ta je wa wata baƙunci, ta yi makonni ko watanni tana zagaya birane, a buga jerin wasanni biyu, uku, har biyar. Wanda ya fi cin wasanni shi ya lashe jerin. Bayan 'yan shekaru sai mai masaukin ya rama ziyara. Wasan farko da aka lasafta a wannan mataki an yi shi ne a Melbon a watan Maris na 1877, Ostireliya ta doke Ingila da maki 45. A wancan zamani a jirgin ruwa ake tafiya, a yi makonni a teku.

Cin wasa a ƙasar wani yana da wuya ƙwarai, domin ƙasar dandalin ta bambanta. A Ingila akwai laima da gajimare, ƙwallo tana karkacewa a iska. A Ostireliya ƙasar tauri gare ta, ƙwallo tana tashi har ƙirji. A Indiya da Pakistan ƙasar bushewa take ta tsattsage, sai masu murza ƙwallo da yatsu su yi ta ɓarna. Mu da muka tashi a gidan fataucin shanu mun san dabbar da aka sauke daga tirela bayan doguwar tafiya sai ta huta ta sha ruwa kafin a ga ainihin jikinta. Haka baƙi ke yi, sukan buga wasannin share fage da ƙungiyoyin gida kafin a shiga na gaske.

Kuma dandalin lalacewa yake kullum. Wanda ya yi duka a rana ta farko ya fi samun sauƙi a kan wanda zai yi a rana ta biyar. Shi ya sa jefa kwabo da kyaftin biyu ke yi da safen ranar farko ba ƙaramin abu ba ne.

Ingila da Ostireliya: rigimar Toka

A watan Agusta na 1882 Ostireliya ta doke Ingila a filin Oval da ke Landan da maki 7 kacal, karon farko da ta ci ta a gida. Wata jaridar wasanni mai suna Sporting Times ta buga sanarwar rasuwa ta zolaya, cewa kurket ɗin Ingila ya mutu, za a ƙona gawar a kai tokar Ostireliya. Da Ingila ta je rangadi a ƙarshen wannan shekara, kyaftin ɗinta Ivo Bligh ya ce tokar za su je ƙwatowa. A can aka ba shi kyautar wani ɗan mitsitsin tulu na yumɓu, wanda har yau yake ajiye a gidan tarihi na filin Lord's a Landan. Daga nan sunan Ashes, wato Toka, ya bi wannan karawa.

Yanzu wasanni biyar ake bugawa, kusan duk bayan shekara biyu, yau a nan gobe a can. In an tashi kunnen doki, wanda ke riƙe da Tokar shi zai ci gaba da riƙewa. Haka aka yi a 2023, aka tashi biyu da biyu, ta zauna a hannun Ostireliya.

Rangadin da ya fi zafi shi ne na 1932 zuwa 1933. Ostireliya tana da wani gwani, Don Bradman, wanda ya yi ritaya da matsakaicin maki 99.94, abin da babu wanda ya ko kusanta har yau. Don su karya shi, kyaftin ɗin Ingila Douglas Jardine ya sa masu jifansa, musamman Harold Larwood, su riƙa auna jikin mai duka. A wasan Adelaide an bugi kyaftin ɗin Ostireliya a ƙirji, an fasa wa wani ɗan wasansu ƙoƙon kai. Hukumomin wasan na ƙasashen biyu suka yi ta aika wa juna zafafan saƙonnin waya, har maganar ta kai kunnen gwamnatoci. Ingila ta ci huɗu da ɗaya, amma daga baya sai da aka gyara dokokin wasan.

Indiya da Pakistan: inda siyasa ke riƙe da ƙwallo

Wannan ita ce hamayyar da ta fi yawan 'yan kallo a duniyar kurket. An raba ƙasashen biyu a 1947, suka fara haɗuwa a 1952 lokacin da Pakistan ta je Indiya, mai gida ta ci biyu da ɗaya. Jerin wasanni biyu da suka biyo baya, na 1955 a Pakistan da na 1960 zuwa 1961 a Indiya, duka wasanni goman canjaras aka yi. Kowa tsoron faɗuwa yake, don ya san abin da zai tarar a gida. Daga 1961 kuma ba su sake haɗuwa ba sai 1978, saboda yaƙe-yaƙen 1965 da 1971.

Wasan ya sha zama hanyar sulhu. A watan Fabrairu na 1987, sojojin ƙasashen biyu sun ja daga a kan iyaka, sai shugaban Pakistan Janar Ziya'ul Haƙ ya tafi Jaipur kallon wasa, ziyarar ta taimaka wajen kwantar da ƙura. A 1999 Pakistan ta ci Indiya da maki 12 a Chennai, 'yan kallo Indiyawa suka miƙe tsaye suna tafa mata. A wasan da ya biyo baya a Delhi, Anil Kumble na Indiya shi kaɗai ya fitar da mutum goman Pakistan a zagaye ɗaya. A 2004 Indiya ta je Pakistan, aka ba dubban Indiyawa biza suka tsallaka kallo, Virender Sehwag ya ci maki 309 a Multan, Indiya ta lashe jerin biyu da ɗaya.

Rabonsu da wasan kwana biyar tun ƙarshen 2007. Harin Mumbai na Nuwamban 2008 ya rufe ƙofar. Jimilla sun kara sau 59, Pakistan ta ci 12, Indiya 9, sauran 38 canjaras. Yanzu sai a manyan gasanni suke haɗuwa a gajerun wasanni. Ko a 2025 da Pakistan ta karɓi baƙuncin gasar zakaru, Indiya ba ta taka ƙasar ba, a Dubai ta buga duk wasanninta.

Tamu hamayyar: Najeriya da Ghana

Mun saba jin gardamar Najeriya da Ghana a kan ƙwallon ƙafa da dafa-dukar shinkafa. To ta kurket ta girme su. Bayan haɗuwar 1904, karawar ta zama al'ada, ana kai wa juna ziyara tsakanin Legas da Akara. Sai dai mulkin mallaka ya shigar da halinsa ciki: shekaru da yawa Turawan ƙasashen biyu nasu wasan daban, baƙaƙen fata nasu daban. A Najeriya har ƙungiyoyi biyu aka yi, ta Turawa a 1932, ta 'yan ƙasa a 1933. Sai a 1951 aka yi musu kwamitin haɗin gwiwa, a 1957 suka narke suka zama ɗaya.

Bayan samun 'yanci Saliyo da Gambiya suka shigo, aka riƙa gasar ƙasashe huɗu na Afirka ta Yamma masu magana da Ingilishi, kuma Najeriya ce ta fi mamaye ta. A 1976 ƙasashen huɗu suka shiga hukumar kurket ta duniya, ICC, a dunƙule da sunan Afirka ta Yamma. Sai a 2002 Najeriya ta samu kujerarta ita kaɗai. Ana yi wa ƙungiyar ƙasar laƙabi da Yellow Greens, saboda launin rawaya da kore na kayanta.

Rangadi irin na zamani ma ana yi mana. A watan Oktoba na 2021 Saliyo ta zo Legas aka buga T20 shida a filin Jami'ar Legas da ke Akoka, Najeriya ta ci biyar. A ɗaya daga ciki Peter Aho ya fitar da mutum shida, maki biyar kawai aka ci a kansa, wanda a lokacin babu kamarsa a tarihin T20 na ƙasa da ƙasa na maza. A ranar 24 ga Nuwamba 2024 kuma, a gasar share fagen kofin duniya da aka yi a nan gida, Najeriya ta tara maki 271, ta fitar da 'yan Kodebuwa gaba ɗaya suna da maki 7.

Me ya hana mu buga na kwana biyar?

Ƙasashe 12 ne kaɗai ke da wannan izini, su ne cikakkun mambobin ICC: Ingila, Ostireliya, Afirka ta Kudu, tsibiran West Indies, New Zealand, Indiya, Pakistan, Sri Lanka, Zimbabwe, Bangladesh, Afghanistan da Ireland. Biyu ne daga Afirka. Ita Afirka ta Kudu sai da aka kore ta daga 1970 zuwa 1991 saboda wariyar launin fata, amma a watan Yunin 2025 ta doke Ostireliya a Lord's ta zama zakarar duniya a wasan kwana biyar, ƙarƙashin kyaftin baƙar fata, Temba Bavuma.

Najeriya tana sahu na biyu. Kafin ƙasa ta hau sahun farko sai tana da gasar cikin gida mai ƙarfi, da filaye na gaske, da kuɗin riƙe 'yan wasa, da tarihin doke manya. Mu kuwa an daɗe ana buga wasan a kan siminti da aka shimfiɗa wa wata irin tabarma. Sai a 'yan shekarun nan aka samu dandali na ƙasa da ciyawa a Legas, Abuja da Benin.

Amma a dubi Afghanistan. Da yawa daga 'yan wasanta na farko a sansanonin gudun hijira a Pakistan suka koyi wasan. Ta shiga ICC a 2001, shekara ɗaya kafin Najeriya ta samu tata kujerar. A 2017 ta zama cikakkiyar mamba, a watan Yunin 2018 ta buga wasanta na farko na kwana biyar da Indiya. Abin da ya ɗaga ta shi ne yawan yaran da ke buga wasan a lungu da saƙo.

Mu ma alamun suna wurin yara. 'Yan ƙasa da shekara 19 maza sun je kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020. Manyan mata sun ci tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Akara a watan Maris na 2024. A watan Janairun 2025 'yan matanmu 'yan ƙasa da 19 suka doke New Zealand da maki 2 a kofin duniya a Malesiya. Ga shi kuma kurket zai dawo gasar Olamfik a Los Anjalos a 2028, rabonsa da ita tun 1900.

Ina namu yaran?

Wasan nan ba baƙo ba ne a Arewa. A Kwalejin Katsina, wadda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi, wadda daga baya ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, ana buga kurket tare da ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu. Har yau akwai filin kurket a dandalin Murtala da ke Kaduna, kuma jihar tana fitar da 'yan wasa. Babban filin kurket na Legas ma sunan ɗan Arewa yake ɗauke da shi, yana dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa, ba nisa da Obalende.

Abin da na lura shi ne mu mazauna Sabo da zango-zango mun fi kowa kusa da waɗannan filaye, mun kuma fi kowa nisa da wasan. Mai zama Obalende da ƙafa ma zai iya zuwa. Na Idi-Araba da Agege mota ce za ta kai su Akoka. Na Sabon Ibadan ga filin Liberty. Mu na Karu, Nyanya da Mararaba, filayen suna cikin harabar babban filin wasa na Moshood Abiola, kusa da ƙofar shiga birni. 'Yan uwanmu na Nima da sauran zangunan Akara ga Achimota nan.

Duk yaro yanzu ƙwallon ƙafa yake so, kuma masu neman gurbi a can miliyoyi ne. A kurket layin bai kai haka tsawo ba. Ta makarantun firamare da sakandare ake zaɓo yara, akwai kuma gasar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 17, maza da mata, inda ake tsamo masu zuwa ƙungiyar ƙasa. Ga iyayen da ke tunanin sutura da tarbiyya, wasa ne da ake yi da dogon wando da riga mai hannu, babu cakuɗuwar jiki. Musulmi da yawa sun yi suna a cikinsa ba su saki addininsu ba. Hashim Amla na Afirka ta Kudu ya ƙi sa tambarin kamfanin giya a rigarsa, kuma shi ne ya ci maki 311 a kan Ingila a 2012. Usman Khawaja ne Musulmi na farko da ya buga wa Ostireliya. Imran Khan ya ɗauko wa Pakistan kofin duniya a 1992 kafin ya zama firaminista a 2018.

Farawa ba ya cin kuɗi. A Pakistan ƙwallon tanis yara ke naɗewa da salatif na masu gyaran wuta, su samo katako, su jingina kujera ko kwali a madadin sanduna, shi ke nan wasa ya tashi. Kayan tsada sai an kai matakin ƙwallo mai tauri.

Shawarata ga iyaye da shugabannin al'ummarmu a Kudu: ku tambayi malamin wasanni na makarantar yaranku ko akwai kurket. In babu, ku nemi ofishin ƙungiyar kurket ta jiharku a ma'aikatar wasanni, ku ce kuna da yara. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin matasa da ke shirya gasar ƙwallon ƙafa lokacin sallah za su iya gayyato mai koyarwa ko da sau ɗaya ne a gwada. Sannan duk ranar da kuka ji Ghana ko Saliyo ta zo rangadi, ku ɗauki yaran ku je kallo. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.